Zuwa Ga Taubashina Na Kebbe, Wanda Cin Rani Ya Cinye

Taubashi, ɗan gwaggo, bawan gidanmu na gado, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga baransa. Ina fatan Mararaba lafiya, ina kuma fatan mai gidan haya bai sake ƙara maka kuɗin ɗaki ba.

Labari ya iso mu nan Tambuwal cewa ka zama shehin malami a teburin mai shayi. Wai kullum bayan lisha sai ka harɗe ƙafa bisa benci, ka buɗe waya, ka shiga yi wa 'yan ga-ruwa da masu yankan farce bayani cewa ba abin da ya durƙusar da Nijeriya sai yawan jama'a. Har wai da mu kake buga misali: mutanen Tambuwal ba su da sana'a sai raɗin suna, ba safiyar da za ta waye ba a yanka rago a wata unguwa ba. Mai kawo labarin ya ce har Turanci kake sirkawa. Nan ne kawai na ƙaryata shi, don na san Turancinka bai wuce na cinikin rake ba.

To, laifi tudu ne. Kafin ka hango namu, bari in taya ka duba wanda kake tsaye a kai. Uwargida tana Kebbe da 'ya'ya bakwai. Amarya tana nan wurinka da huɗu, kuma gwaggo ta tsegunta mini cewa an fara tara itacen wankan jego. Kai kaɗai kana cika ƙauye, kana cika birni, sannan ka sami bakin wa'azi. Da hukumar ƙidaya ta san da zamanka, da ta buɗe maka ofishi na musamman.

Tun da lissafi kake so, zo mu yi shi. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 225,000 a ƙaramar hukumar Tambuwal, ku kuwa Kebbe wajen 124,000. Amma a faɗin ƙasa kun yi mana nisa: kuna da murabba'in kilomita sama da 2,600, mu muna da 1,700 da ɗoriya. In aka raba, kowane murabba'in kilomita namu yana ɗauke da mutum wajen 130, naku bai cika 50 ba. Allah Ya ba ku fili, Ya ba mu mutane. Shi ya sa ko kujerar Majalisar Wakilai sai da aka jingina ku da mu sannan ta tsaya. Na san kuna taƙama wai sunanku ne a gaba, Kebbe/Tambuwal. Ku riƙe sunan, mun yafe. Kujerar dai Aminu Waziri ya hau a 2003, daga kanta ya zama Kakakin Majalisa a 2011, ya zama Gwamna a 2015. Tun kafin nan Dogon Daji tamu ta ba da Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1988. Ku kuma, da aka ce ku kawo naku, sai kuka ba duniya kai.

Ga tambayar da nake so ka amsa wa almajiranka na teburin shayi. In cunkoso ne ke korar mutum daga garinsu, me ya kore ka daga Kebbe, inda mutum zai yi doguwar tafiya a daji bai gamu da kowa ba sai makiyayi da kurciya? Ka bar inda mutum hamsin ke raba kilomita guda, ka koma inda mutum hamsin ke raba bayan gida guda, sannan kana kuka wai an yi yawa.

Ban ce duk maganarka shirme ba ce, bara ma yakan faɗi gaskiya ranar da ya ƙoshi. Jama'a sun ƙaru, ƙaruwa kuwa mai ban tsoro. A 1963 an ƙirga 'yan Nijeriya miliyan 55 da ɗoriya. A 1991 kusan miliyan 89. A 2006 miliyan 140. Yau ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haura miliyan 220, kuma ta ce kafin 2050 za mu wuce miliyan 350. Jihar Sakkwato, bayan an yanke mata Kebbi a 1991 aka yanke mata Zamfara a 1996, sai da aka sami mutum miliyan 3.7 a abin da ya rage a ƙidayar 2006. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 duk shekara kuwa, cikin shekara 23 zuwa 24 take ninkawa. Ke nan wajajen 2030 sai ka ɗauki duk adadin da na kawo maka na Tambuwal da Kebbe ka ninka biyu, in dai ire-irenka ba su kwashe ragowar sun kai Mararaba ba.

Ƙiyasi na ce, domin tun watan Maris na 2006 ba wanda ya sake ƙirga mu. An shirya ƙidaya a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki aka ɗage ta. Yaron da aka haifa a makon da malaman ƙidaya suka shafa mana tawada a babban yatsa, yau gemu gare shi, wataƙila har an kai masa kuɗin gaisuwa wani gida. Amma da lissafin shekarar haihuwarsa ake auna yawan azuzuwa da gadajen asibiti da rijiyoyin burtsatse na garinsu. Wanda bai san yawan bakunan gidansa ba, ta yaya zai auna tsabar da za a ɗora?

Kuma ka daina ɗora wa ragunanmu laifi, haihuwa ba yau aka fara ta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Jihar Sakkwato takan haifi 'ya'ya kusan bakwai a rayuwarta, ta Legas uku da ɗoriya. Kakanninmu ma haka suka haifa, ko fiye. Bambancin shi ne su sun haifi goma sun binne shida. Ka tuna tsofaffin unguwa masu suna Ajuji da Ayashe? Sunayen 'ya'yan wabi ne, waɗanda aka raɗa musu sunan yasarwa don an gaji da haƙa ƙananan kaburbura. Yau zagaya makarantar firamare ka nemo mini Ajuji guda. Agana ta ƙare a duniya tun 1980, rigakafi ya rage wa ƙyanda ƙarfi, ko da yake har gobe yaranmu na mutuwa fiye da na yawancin jihohi. Yara sun rayu, wannan abin godiya ne. Abin da bai ƙaru tare da su ba shi ne gona.

Dubi gandun kakanmu, wanda ni da kai muka ci tuwonsa. A zamaninsa gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, shi da 'ya'yansa da ƙannensa suna fita tare, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe. In wani sashe ya gaji sai a bar shi saura ya huta, a sari sabon wuri, Fulani su zauna da shanu bayan girbi su bar taki. Da ya rasu aka raba. Da iyayenmu maza suka rasu aka sake rabawa. Yanzu kason wani jikan kamar tabarmar salla, in ya tsaya a tsakiya yana iya miƙa wa maƙwabcinsa goro ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ba saura, ba sabon daji, taki sai na buhu, shi kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona. Ruwan sama wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Geron da aka girbe ba ya kai gida ga wata damina. Sauran wata takwas ɗin fa, saurayi mai ƙarfi ya zauna ya ci me?

Amsar da kakanninmu suka ba wannan tambaya ita ce cin rani, kuma ba abin kunya ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 Turawan mulki sun sa masu ƙirga a hanyoyi da mashigan ruwa, wani masaninsu mai suna Prothero ya yi nazarin abin da aka tattara: mutum sama da 250,000 ne suka fita daga Lardin Sakkwato ko suka ratsa ta cikinsa daga ƙasar Faransa, suka nufi kudu. Wasu gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu haƙar kuza a Jos, wasu har Kumasi da Ankara, yawanci a ƙasa, da ɗan ƙunshin guzuri a kai. Hikimar a bayyane take. Wanda ya tafi ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya samo kuɗin haraji da na tufafin iyali. Amma sharaɗin tafiyar shi ne dawowa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutum ya ɗaure kayansa, don ba a yin shuka da saƙo.

Kai ma da wannan sharaɗin ka tafi. Ina tashar Tambuwal ranar da ka hau bayan tirelar albasa da ta taso daga Aliero, kai da jakar Gana-mas-go da ƙullin ƙuli-ƙulin da gwaggo ta cusa maka, kana ɗaga mana hannu kana cewa, “Da ruwan farko ina nan tahowa.” Ruwan farko ya zo ya wuce, na biyu ya bi shi. Tun muna ƙirga damina har muka koma ƙirga 'ya'yan amarya. Jakar nan da ka riƙa ma tarihin tafiya ce, da ka sani. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1983 gwamnatin maƙwabcinmu Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana suka cika irin wannan jaka suka bar mata suna. Baƙo ko ya shekara arba'in, ranar da aka ga dama a tuna masa.

Ku ma ana tuna muku. A 2006 aka hana kabu-kabu a tsakiyar Abuja. A 2022 Legas ta hana shi a manyan sassanta, aka kama babura aka niƙe. A 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya maido da mutanenmu da yawa gida hannu rabbana. Kai kuma kana gaya wa 'yan ƙauyenku a waya wai kana Abuja. Taubashi, ji tsoron Allah. Mararaba a ƙaramar hukumar Karu take, Jihar Nasarawa. Tun da aka mai da babban birni Abuja a Disamban 1991, masu gina ta da masu share ta da masu gadinta ba su sami wurin kwana a cikinta ba, sai suka taru a Nyanya da Mararaba da Masaka. Abuja kuke wa aiki, Nasarawa kuke wa barci.

Wani da ya kai maka ziyara ya ba ni labarin fadarka. Ɗaki ɗaya, labule ya raba shi biyu, katifa a jingine da bango da rana, risho a bakin ƙofa, igiyar shanya ta ratsa ta kan yara. Ruwa sai an saya jarka-jarka wurin mai kura, shi ma ɗan ƙauyenku ne. Asuba ta fari ka fita don ka riga cunkoson hanyar Nyanya, ba ka dawowa sai yara sun yi barci. Kuɗin wata kafin ya shigo an riga an raba shi: na haya, na ruwa, na mota, na makarantar kuɗi don ta gwamnati ta cika, sai ɗan abin da za ka kai wa mai POS ya tura Kebbe. Wannan ɗan abin ba na raina shi, shi ke sayen taki da magani da buhun masara a gidaje da yawa. Amma ranar Salla sai ka aiko mana hoto a Facebook, ka sha shadda, ka dafa motar da ba ka san mai ita ba. Ƙannenka su gani su ce yaya ya haye, da kaka ta yi sai su ma su hau tirela. Rabin 'yan ƙauyenku da ke Mararaba hoton nan ne ya kai su.

A 1960 cikin 'yan Nijeriya ɗari, wajen 15 ne ke zaune a birane. Yau sun haura rabi. Mu ma nan abin ya iso mu. Gonakin da ke bakin garin Tambuwal, inda muka yi kiwon awaki muna yara, yau fulotai ne, ga masu buga bulo, ga gidajen mai a jere a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Mai gona ya sayar da ita ya sayi babur, babur ya tsufa, gona ba ta dawowa. Sakkwato kuwa ta miƙe ta haɗiye Arkilla da Dambuwa, tana neman abin gaba. Zama a gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, ya yi ta kafa ribaɗi yana zaunar da mutane, Tambuwal kanta ribaɗi ce da Buhari ɗan Shehu ya riƙe. Sai dai su sun tara jama'a ne da shiri: ga ganuwa, ga kasuwa, ga masallaci da makaranta, ga gonaki kewaye. Yanzu mutane ke fara isowa, sannan a shiga tunanin ina za su sha ruwa.

Nan zan ajiye wasa kaɗan, don akwai tafiyar da ba a zolaya a kanta. A 'yan shekarun nan ƙauyukan Kebbe, musamman na wajen iyaka da Zamfara, sun sha hare-haren 'yan bindiga. An kashe, an sace, an kore shanu, an sayar da gonaki don biyan kuɗin fansa. Mutanen da suka baro gidajensu cikin dare, mata da goyo, tsofaffi a bayan babur, wasu suka tsaya garin Kebbe, wasu suka yo Tambuwal, wasu Jega, wasu Sakkwato, ba cin rani suka fito ba, ba kuma hoton kowa ne ya ruɗe su ba. Sun bar gero a tsaye. Ga fili har ya yi yawa, ga masu son nomansa, amma ba hali. Duk mai cewa yawan jama'a ne kaɗai matsalarmu, ya zo ya dubi zauren da iyali uku ke kwana a ciki alhali ƙauyensu yana can ba kowa. Allah Ya mai da su gidajensu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

To, malam mai wa'azin shayi, ga karatun da za ka kai majalisarku. Mutum ba ya barin garinsu don an yi yawa. Yana bari ne don rani ba aiki, gona ba ta isa, dare ba barci. Gulbin Zamfara ta ƙasarku yake ratsawa kafin ya isa Jega, ga fadama shimfiɗe. Maƙwabtanmu na Jihar Kebbi, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, sun nuna wa kowa cewa ana iya cin rani a gida, da injin ban-ruwa da rijiyar tiyo. Mutanen Aliero da albasa suka gina gidaje suka je Makka. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin fetur ya zama ciwon kai, amma ga mai aiki da hasken rana ya shigo, rana kuwa ko ku Kebbe ba a fi ku ita ba. A ba saurayi tsaro da ruwa da hanyar fitar da kaya, a ga ko zai yarda ya je ya yi gadin ƙofar wani.

Batun haihuwa kuma, tun da kai ka ɗauko shi, ba sai ka je Turai neman darasi ba. Kakarmu shekara biyu cur take shayarwa, kuma a zamaninsu macen da ta yi kwanika sai ta rasa inda za ta sa kanta don gorin kishiyoyi, mijin ma sai an yi masa dariya a dandali. Tazara ce suka sani tun kafin ma'aikatan asibiti su zo da ita. Na ji kana cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Haka ne. Amma ban taɓa jin an ce Ya sauke wa uba nauyin makaranta da tarbiyya ba. 'Yarka ta fari da ke Kebbe kanta yana ja. Bar ta ta gama sakandare. Asibitocin ƙauyukanku ungozoma da malamar jinya suke nema, kuma ba daga Legas za a kawo muku su ba.

Saura maganar kuɗin shara, don na san ita ce kaɗai ke sa ka tuna lambata in watan cika-ciki ya kama. Bana ba zan tura ta waya ba. Na saya maka irin albasa, na kuma yi alkawarin rabin kuɗin injin ban-ruwa mai hasken rana, amma a fadamarku zan damƙa maka, hannu da hannu, gwaggo tana shaida. Ka zo da fartanya, in ba ka manta ta wane gefe ake riƙe ta ba.

In kuwa ruwa ya sauka ban gan ka ba, na riga na yi magana da uwargida. Zan shuka gonarka gero, in ba ta rabonta da na yara, sauran ya shiga rumbuna. Kai kuma ba za ka tashi a banza ba, zan cire maka daga zakka, don malamai sun ce matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da suka cancanta.

Ka gaida amarya, ka ce Allah Ya raba lafiya.

Ɗan kawunka, daga Tambuwal.